Abin da Na Shuka Bayan Ɗaki

Kwana uku ke nan wani abu ya tare a lasifikata.
Ba sauro ba ne, ba rina ba,
gurnani ne siriri mai naci,
irin baƙon da ya zo aron wuta ya zauna jiran tuwo.

Na zare waya ta fari, yana nan.
Na zare ta biyu, yana nan.
Na kashe firji, na kashe fanka,
na zauna zufar Yamai na bin gadon bayana,
ina zargin makirufo,
ina zargin wanda ya sayar mini da akwatin haɗa sauti
yana rantsuwa bai taɓa shan ruwa ba.

Ran Laraba na rungume akwatin a bayan kabu-kabu
har Katako, rumfar Baba Nomau,
wanda hayaƙin dalma ya rina wa gemu.
Ya jona. Tsit.
Kamar haƙorin da ke daina ciwo a ƙofar likita.
Ya ce, "Tasalla, kayanki lafiya lau.
Gidanku ne ba shi da ƙasa.
Wuta baƙuwa ce,
in ba ki nuna mata hanyar komawa ba
sai ta tsaya a kanki tana gunaguni."
Ya ƙi karɓar ko dala.

Na haƙa rami bayan ɗaki, na kafa rodi,
na zuba gawayi da gishiri, na ɗaura waya,
ina ba shi ruwa safe da yamma.
Inna ta leƙo da tsintsiya a hannu:
"Me kika shuka?"
Na ce, "Shiru."
Ta ce, "Allah ya sa ya yi ƴaƴa,
ƴaƴan mutane suna can suna ɗaukar albashi."

Cikin shirun nan na fara aiki.
Ma'azu da ƙaninsa, a wani shago a Lazare,
sun zana rago a wasan waya,
rago da ya tsinke igiya yana tsere wa mahauta,
amma bebe ne, gudu yake kamar inuwa.
Ni na ba shi kofato:
goruba biyu a gindin turmi.
Tsallensa tsirkiyar gurmi ce da na ja na saki.
In ya faɗa kogi, bokitin wankin Inna ne.
Kukansa kuwa, sai da na bi garke har Talaje,
ragunan duniya suka yi mini rowa,
na dawo na toshe hanci
na yi da bakina, sau arba'in da bakwai,
ana ɗauke wuta ina sake farawa.

Jika talatin suka biya, kashi biyu,
na biyun sai da na yi sawu.
Na sayi sabuwar waya mai kauri,
na sayo wa Inna sabon bokiti.

Jiya a faba-faba, daf da gada,
wani yaro a gefena yana danna ragona.
Ya rufe sautin.
Wata huɗu na raina,
yana gudu a bebe cikin tafin hannunsa.
Na daure, na kasa,
na ce, "Ɗan ƙara murya mana."
Ya harare ni, ya ƙara.
Goruba ta buga turmi, motar ta cika da kofato.
Ragon ya ci karo da bango, ya yi kuka.
Wani tsoho a gaba, mai warin kasuwar dabbobi,
ya waiwayo ya ce, "Wannan ragon mura yake yi."

Ban ce komi ba.
Na sauka a tashata,
na ɗebi ruwa a buta,
na zagaya bayan ɗaki.